An Sayar da Muryar Abbo

Abbo bai taɓa sayar da dabba da igiyarta ba. Duk shekarun da ya yi yana dillanci a karar Nguru, kasuwar dabbobi, da zarar ciniki ya faɗa sai ya sunkuya ya kwance igiyar daga wuyan sa, ya naɗe ta a hannu, ya ce wa mai saye ya kawo tasa. Wasu su ce camfi ne, wasu su ce rowar Fulani ce. Shi dai amsarsa ba ta canzawa: "Saniya na sayar maka. Igiyar kuwa da ita zan jawo wata." 'Yarsa Rahima ta sha jin wannan magana tun tana ƙarama har ta gundure ta.

Abin da ya sa ake haƙuri da rowar igiyarsa shi ne bakinsa. In Abbo ya ce bijimi ya kai kaza, to ya kai. Makiyayi zai taso daga tuddan yashin Yusufari, ya wuce dillalai masu zaƙin baki da manyan riguna, ya tsaya yana jiran wannan siririn tsoho ya gama da wani. Ba ya ƙara wa mai saye, ba ya rage wa mai sayarwa, shi ya sa bai yi kuɗi ba, kuma shi ya sa babu rugar da ba a san sunansa ba.

Da Rahima ta gama karatun kwamfuta a Gashua ta dawo gida, ba ta samu aiki ba, sai ta ƙirƙiri nata. Manhaja ta haɗa, ƙarama, wadda ba ta buƙatar babbar waya. Mutum zai kira wata lamba da 'yar rakani-kashinsa, ya ji farashin sa da karsana da rago a kasuwannin Nguru da Gashua da Jajimaji, da Hausa ko da Fillanci. Tana da mutane a kowace kasuwa masu turo mata yadda ciniki ya kaya, ita kuma ta shigar. Sai dai da farko muryarta ta sa, kuma babu wanda ya kira sau biyu. Wane Bafillace ne zai sayar da sansa a kan maganar yarinyar da bai san ubanta ba?

Nan ne ta zaunar da Abbo a gindin darbejiyar tsakar gida ta riƙa ɗaukar muryarsa. Ya faɗi lambobi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunayen kasuwanni, ya faɗi sa, ya faɗi tunkiya, ya ce "ya tashi", ya ce "ya sauka". Zakara ya yi cara a sake ɗauka, Gogo ƙanwar Abbo ta buga turmi a sake.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa Rahima ta ci, "da furfurata kika mayar da ni ɗan firamare?"

Manhajar ce ke harhaɗa guntayen nan su zama magana. Duk abin da Rahima ta rubuta, muryar Abbo za ta faɗe shi tiryan-tiryan. Kafin shekara ta zagayo babu mai kiran abin da sunan da ta raɗa masa, kowa "lambar Abbo" yake cewa. In ka kira, za ka ji shi garau: "Salamu alaikum, Abbo ne. Ga yadda kasuwa ta kwana." Kamfanin waya na ba ta wani kaso daga kowane kira, masu sayar da dusa da maganin dabbobi na biya a ambaci shagunansu. Ba arziki ba ne, amma ana ɗora tukunya.

Sai ƙafafun Abbo suka fara kumbura.

A wannan yanki ba sai likita ya gama bayani ba, kowa ya san gidan da ciwon ƙoda ya taɓa shiga ya kuma san yadda ya bar shi. Aka fara wankin ƙoda, kuma wankin ƙoda ba ya jin bari sai gobe. Ga magani, ga ƙarin jini, ga gwaji, ga mota. Shanun gidan suka bi hanyar kara ɗaya bayan ɗaya, har karsanar Gogo da ta ce ko da yunwa ba za ta rabu da ita ba. Turke ya zama wayam. Muryar Abbo kuma ta shige ciki, sai ka kai kunne kusa da bakinsa kafin ka ji abin da yake cewa. Rahima ta shiga tashin hankalin da ba ta taɓa sani ba. Ta duba gidan sama da ƙasa, abu ɗaya ya rage da za a iya sayarwa.

Ta sa manhajar a shafukan intanet inda ake cinikin ƙananan kamfanoni irin nata. Wani daga Legas ya nemi takardun lissafin kuɗi na shekaru, wani ya tambaya me ya sa masu kiran ba su da imel, wani ya ce ta jira watanni ya yi nazari. Watanni! Ita da ke lissafin rayuwa daga wanki zuwa wanki. Ana haka Musbahu, wanda suka yi aji ɗaya a jami'a, ya kira ta ya ce mahaifinsa na son ganinta.

Alhaji Sabitu jikan fataken Haɗeja ne da suka zauna a Gashua. Yana sayen hatsi, yana loda shanu a tirela zuwa kudu, kuma mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta hana shi komai. Ya karɓe ta a ofishinsa da ke bayan shago, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi, ya tambayi jikin Abbo har da girgiza kai.

Rahima ta buɗe kwamfuta ta shiga bayani. Ta nuna yadda ta tsara abin ya yi aiki ko da sabis ya yi rauni, ta nuna yawan masu kira, ta nuna inda za a faɗaɗa. Aikin da ta yi alfahari da shi ke nan, ta zuba basirarta a ciki. Alhaji na ta gyaɗa kai yana jan carbi, ko allon bai kalla ba.

"'Yata, ni ban san kan wannan ba, Musbahu ne zai riƙe," in ji shi. "Tambayata ɗaya ce. Da muryar?"

Ita a ranta muryar ba komai ba ce, 'yan fayiloli ne a wani lungu. Saniyar ita ce manhajar. Ga shi kuma wankin jibi na jiranta, ba ta da ko kuɗin jinin.

"Da komai, Alhaji."

Ya taya, ta ce albarka. Ya ƙara, ta sake cewa albarka. Ya ce zai ba da rabi yanzu, sauran kuma ya riƙa turowa duk wata, yadda ba za a yanke wa tsoho magani ba. Wannan maganar ce ta karya ta.

"Na sallama," in ji ta.

Aka rubuta, aka sa hannu, ta miƙa wa Musbahu lambar da dukkan kalmomin sirri. A motar komawa Nguru, wajen Jajimaji, kuɗin suka shigo wayarta, ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan farin ciki.

Kuma kuɗin sun yi aiki, kada a ci haƙƙinsu. Kumburin ya saɓe, Abbo ya fara zama da kansa, har ya nemi fura. Da ta gaya masa ta sayar da manhajar, sai ya ce Allah ya sa albarka, bai tambayi komai ba, don shi a tunaninsa kwamfutar ta sayar.

Damina na gab da sauka Bobboi ya zo. Makiyayi ne daga wajen Yusufari, abokin cinikin Abbo tun suna da ƙarfi. Ya ajiye sandarsa a bakin zaure, ya zauna a gefen tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi jiki, ya tambayi gida. Rahima ta kawo ruwa, ta lura bai sha ba.

"Na zo duba ka ne," in ji Bobboi yana kallon ƙasa. "Kuma na zo in ji ko kai ne."

"Ni ne wa?" Abbo ya tambaya a hankali.

Bobboi ya ba da labari ba tare da ɗaga murya ba. Makonnin nan duk wanda ya kira lambar, sai ya ji shanu sun faɗi a Nguru, sun faɗi a Gashua, suna kuma ƙara faɗuwa. Ana cikin wannan fargaba sai ga mutane da mota har ruga, suna taya shanu da ɗan abin da ya ɗara na wayar kaɗan. Mutane suka ce gara a sayar tun ba a yi asara ba. Shi ma ya sayar da bijimansa, waɗanda ya yi shekaru yana kiwo. Da ya shiga kasuwar Jajimaji sayen kanwa, ya tarar shanu na tsada kamar ba gobe.

"Yarana suka ce Abbo ya ci mu. Na ce su rufe mini baki. Amma ka ji."

Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya danna, ya ajiye a tabarma. Muryar ta cika zauren, mai ƙarfi, mai lafiya, muryar gindin darbejiya.

"Salamu alaikum, Abbo ne. Ga yadda kasuwa ta kwana. Nguru. Sa. Ya sauka."

Abbo ya saurari kansa har ƙarshe. Ya san farashin ƙarya ne, don ko a kwance dillalai na zuwa gaishe shi suna ba shi labarin kara. Bai yi faɗa ba. Ya juyo ya dubi 'yarsa, da ƙyar maganar ta fito.

"Uwata, da igiyar kika bayar?"

Da ƙasa za ta tsage da Rahima ta shige. Washegari da sassafe ta hau motar Gashua.

Alhaji Sabitu ya karɓe ta da fara'ar nan dai, har da ruwan sanyin. Musbahu na gefe, ya kafa wa kwamfuta ido kamar yau ya fara ganinta. Rahima ba ta zauna a kujera ba, durƙusawa ta yi.

"Alhaji, don girman Allah a cire muryar mahaifina. Zan ɗauko muku wata, kyauta. Zan yi muku aiki shekara ba albashi. Ku riƙe komai, ku bar mini muryar."

"Muryar wa za ki sa? Ta Musbahu?" Ya yi dariya. "Ko kajin gidanmu ba sa jin maganarsa. 'Yata, ke kika ce da komai. Na tambaye ki ko ban tambaye ki ba?"

"Ka tambaya."

"To. Ke 'yar dillali ce, kin san bayan sallama babu kome."

"Amma ƙarya ake sa shi yana yi!"

"Farashi ai ba aya ba ce. Yau ya hau, gobe ya sauka. Wanda na taya wa bai ga dama ba, sai ya ce albarka." Ya gyara zama. "In kin fasa, dawo da abin da kika karɓa ki ɗauki kayanki, ba na cin haram."

Ya san babu. Kuɗin sun zama jini da allura sun shige jikin Abbo. Da ta miƙe za ta fita, ya ƙara da murya mai taushi, ta mai ba da shawara:

"Ki lallaɓa tsoho ya yi shiru. In lambar nan ta mutu, ban ga abin da zan ci gaba da biya a kai ba. Ki duba lafiyarsa, ita ce gaba."

Musbahu ya biyo ta waje yana cewa wallahi shi umarni ake ba shi. Ba ta ko waiwaya ba. A mota ta juya abin ta kowace fuska. Kalmomin sirri an canza su. In ta buɗe sabuwar lamba, wa ya san ta? In ta kai ƙara, kafin a saurare su an yi sadakar bakwai. Tana isa Nguru ta riga ta yanke shawara, kuma ba ta ji kunyar shawarar ba: a yi shiru. Makiyaya su yi asarar shanu, shanu ana haifar wasu. Ita uba ɗaya gare ta.

Ta sami Abbo a jingine da bango, Gogo na yi masa fifita. Ta zauna kusa da shi ta faɗi duk yadda aka yi, ba ta rage ba. Sannan ta roƙe shi. Ta ce a bari damina ta wuce, a bari ya ƙara samun ƙarfi, za ta nemo wata hanya, za ta je Kano neman aiki.

"Ranar Talata ki kai ni kara," in ji Abbo.

"Baba, in ka yi magana zai daina turowa. In ya daina, babu wanki. Ka san abin da likita ya ce."

"Na sani."

"Mutuwa za ka yi, Baba!" Ta fashe da kuka, ta riƙe ƙafarsa. "Ni ban damu da abin da za su ce ba. Su zage mu, su tsine mana. Ni dai in shigo in same ka."

Ya ɗora hannu a kanta, ya daɗe yana tattaro numfashi.

"Uwata, ni dama mai tafiya ne, ko da wanki ko babu. Na cikin wayar nan shi ne ba zai mutu ba. Ina kwance a kabari, shi yana bi ruga-ruga yana cin mutane da sunana. In an tambaye ni a can, in ce wa ya faɗa?"

Gogo ta ajiye mafici ta fita tana share ido. Rahima ta yi ta magiya har muryarta ta dushe. Ta ce ba za ta kai shi ba. Ya ce to zai rarrafa.

Ranar Talata ta ɗauko Keke Napep. Ita da Gogo suka tallafe shi, ba shi da nauyin kirki. Karar Nguru ta cika maƙil, shanu na kuka, masu lodi na ihu, tireloli sun ja layi. Da aka ga Abbo, dillalai suka taso, aka shimfiɗa masa buzu a rumfarsa ta da. Labari ya zaga, makiyaya suka fara taruwa, wasu da fara'a, wasu fuska a murtuke. Bobboi na cikinsu. Can gefe kuma Rahima ta hango yaran Alhaji Sabitu, masu sayo masa shanu, ɗaya har ya ciro waya.

Abbo ya sa aka ɗaga shi tsaye. Ya buɗe baki ya yi magana. Rahima da ke riƙe da kafaɗarsa ta ji, Bobboi da ke gabansa wataƙila ya tsinci rabi. Sauran jama'a leɓensa kawai suka ga yana motsi.

"Me ya ce?" aka tambaya daga baya. "Ba ma ji!"

Ya sake yunƙurawa, tari ya sarƙe shi. Wani sa ya yi kuka ya binne ɗan abin da ya fito. A nan wata muguwar dabara ta zo wa Rahima, har ta ji sanyi a ranta. Ba su ji ba. Ya zo, ya faɗa, ya sauke nauyi. In ta mayar da shi keke yanzu, kowa zai ce tsoho ya zo sallama da kasuwa ne, kuɗin wata zai shigo, jibi a yi wanki. Babu wanda zai zarge ta.

Sai ta ji yatsunsa sun matse hannunta. Ya juyo yana kallonta. Bai roƙe ta ba, bai kuma umarce ta ba, jira kawai yake.

Ba ta taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, balle a tsakiyar kara. Ta miƙa shi ga Bobboi, ta taka bencin dillalai ta hau.

"Jama'a! Ni ce Rahima 'yar Abbo!" Muryar ta fito a tsage. "Ga Abbo nan a gabanku, ba ya iya magana. Ya ce in gaya muku, muryar da kuke ji a waya tasa ce, amma maganar ba tasa ba ce. Ni na sayar da ita. Wanda ya saya shi ke sa ta faɗin abin da yake so. Abbo ya ce daga yau duk wanda ya ji shi a waya, kada ya yarda da shi. Ya ce ku gaya wa na daji. Ya ce wanda ya yi asara ta dalilinsa ya yafe masa."

Ta maimaita da Fillanci, hawaye na shiga mata baki. Kasuwar ta ɗauki guna-guni, ya bazu har bakin tireloli. Ta ga yaron Alhaji ya kai waya kunne ya juya baya. Da ta sauko, Abbo ya riga ya zauna a buzu, idonsa a rufe, makiyaya na durƙusawa ɗaya bayan ɗaya suna kama hannunsa.

Ƙarshen wata ya zo, wayarta ba ta yi ƙara ba. Bobboi ya sayar da tunkiya ya kawo, dillalan kara suka yi karo-karo, aka samu wanki ɗaya, aka ƙara wani da ƙyar. Daga nan kumburin ya dawo. Gero bai fitar da kai ba aka kai Abbo makwancinsa, kuma mutanen da suka bi gawarsa sun toshe hanyar unguwar.

Lambar tana nan, ba a rufe ta ba. An ce Musbahu ya gaya wa wani cewa yanzu babu mai kira, sai mutum ɗaya daga Nguru, kuma ba ya daɗewa a layi.

Rahima ce. In ta gama shara da safe takan zauna a gindin darbejiya ta danna lambar, ta san sarai wani abu daga kuɗin kiran aljihun Alhaji Sabitu zai shiga.

"Salamu alaikum, Abbo ne."

"Wa alaikumus salam, Baba," takan ce, sai ta yi maza ta kashe kafin ya kai ga farashi.